Mutuwata ta Kwana Ɗaya a Guangzhou

Tun da na dawo daga Chaina ban huta ba. Duk wanda ya leƙo shagona a Kasuwar Singa sai ya ce, "Tukur, wai da gaske ne an yi maka zaman makoki kana raye?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya ji sai ya je ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya wani ya zo yana rantse mini cewa da lema na diro daga jirgin. Ni da ko katangar gidanmu ban taɓa hawa ba! To ga shi na rubuta, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Abin da za ku fara sani shi ne mahaifiyarmu, Inna, tana da hawan jini. Bara ya kayar da ita har ɓarin jikinta na hagu ya ɗan saki. Likita ya ja ni gefe da wana, Yaya Habu, ya ce kada mu kuskura ta ji labarin tashin hankali farat ɗaya, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Tun daga ranar komai a gidanmu sai an lallaɓa. Ko akuyarta da ta mutu, sai da aka yi kwana uku ana ce mata ba ta cin dusa.

Ranar da na je yi mata sallama ta ce, "Me ganyen shayin Kano ya yi maka da sai ka je bangon duniya?" Na ce mata daga can ake kawo shi, ina so in sayo daga hannun masu shi. Ta ce, "Allah ya kai ka lafiya. Ka riƙa cin abin da ka sani."

Daga Kano muka tashi, muka canza jirgi a Habasha, sannan muka yi zaman da har ƙafafuna suka kumbura. A filin jirgin Guangzhou wani jami'i ya buɗe jakata ya zaro ledar kuka. Ya ɗaga ta, ya kalli koren garin, ya kalle ni, ya kira 'yan uwansa biyu. Na kwatanta musu tuƙin miya da hannu, ba su gane ba. Sai na dangwali kukar na lasa a gabansu, na ce, "Miya ce, bayin Allah, miya!" Aka kawo kare. Kukar bai kula ta ba, amma da ya shinshini daddawa sai ya ja da baya yana atishawa. Daga ƙarshe suka bar mini kuka da daddawa, suka ƙwace kilishi. Na bi shi da ido har cikin kwandon shara. Da ma ci suka yi da ban ji haushi haka ba.

Wanda ya tare ni Alhaji Isuhu ne, mutumin Maraɗi, ya yi shekara da shekaru a can yana yi wa 'yan kasuwa lodin kaya. Ya kai ni masauki a Dengfeng, unguwar da za ka ji Hausa a bakin titi kamar kana Fagge. Ɗakin kuwa, in na yi sujada ƙafata tana taɓa ƙofa. Banɗakinsu babu buta, Allah ya taimake ni na taho da tawa daga gida, kuma tun daga ranar duk inda zan je tana cikin jakata.

Abinci, kwana biyu na yi ina kokawa da tsinke biyun da suke ci da su maimakon cokali kafin in haƙura. Ka ce a ba ka ruwa, sai a kawo maka ruwan zafi kamar mai jego. Sai da Alhaji Isuhu ya hau da ni wani bene, wajen Hajiya Ayishetu 'yar Gana mai tuwo da miyar ayoyo, sannan hankalina ya dawo jikina. A nan ya koya mini kalmomi uku da ya ce sun ishi ɗan kasuwa: nihau ita ce gaisuwa, laoban shi ne maigida, meyo kuma babu. Ya kuma gaya mini layina na gida ba ya aiki a ƙasar nan, in ina son magana da Kano sai ta wayarsa.

Masu shayin ba a Guangzhou suke ba, suna wani gari can yamma cikin duwatsu, tafiyar awa biyu a jirgin sama. Alhaji Isuhu yana da kaya a tashar ruwa, bai samu raka ni ba. Ya yankar mini tikitin zuwa da dawowa, ya ce ranar dawowa zai tsaya mini a filin jirgi. Na je lafiya, na ga gonaki, na ga injina, muka daidaita da laoban ɗin, wani gajeren dattijo mai fara'a. Shi ya yi magana a wayarsa ta juya mini zuwa Turanci, ni in yi ta juya masa, da haka muka lallaɓa.

Ranar dawowa da safe ya ce ba zan tafi ba sai mun sha shayin sallama. Ya zaunar da ni a gaban wani tebur na katako, ya fito da wasu 'yan kofuna waɗanda kurɓa ɗaya ce ta ƙare. Ba sukari, ba madara, ba burodi. Ya zuba, na shanye. Ya sake cikawa, na shanye.

To mu a gidanmu abin da mai gida ya ba ka, ka gama da shi. Barin saura raini ne, da dukan Inna muka koyi wannan. Su kuma ashe a wajensu abin kunya ne a bar kofin baƙo babu komai a ciki, in ka ƙoshi sai ka bar shi a cike. Wannan sai daga baya Alhaji Isuhu ya gaya mini, bayan aikin gama ya gama. Ni ina shanyewa don kada ya ce na raina shi, shi yana cikawa don kada in ce ya yi mini rowa. Muka kafa wa juna murmushi, kowa yana gumi. Da ganye ɗaya ya salance sai ya buɗe wani. Na kalli agogo na ga lokaci yana tafiya, na fara ƙwanƙwasa tebur da yatsu don haushi. Ashe wannan ma a wajensu godiya ce! Mutumin nan ya washe baki, ya sa aka ƙaro ruwan zafi.

Ban san kofi nawa na sha ba. Abin da na sani, da na miƙe cikina yana ƙugi kamar jarka a bayan babur.

Direbansa ya ɗauke ni zuwa filin jirgi. Ba mu yi nisa ba na dafa kafaɗarsa na nuna masa buta. Ya tsaya a gidan mai. Muka ɗan ƙara gaba na sake nuna masa. A ta uku ya fara nuna mini agogonsa yana ihu da yarensu, ni ma ina mayar masa da nawa: "Kai malam, maigidanka ne ya ɗura mini, in ka ga dama ka tsaya, in ka ga dama ka wanke motarka!" Sau biyar muka tsaya. Ya ajiye ni a ƙofar filin jirgi, ya ja motarsa ko waiwaye babu.

Na shiga da gudu, buta tana karo da jaka. Yarinyar da ke kan teburin ta duba tikitina, ta duba na'urarta, ta ce, "Meyo." Na ce wane irin meyo, ga jirgin can ina hango shi ta gilashi? Ta ce meyo. Wallahi ranar na zazzage mata Hausa tas. Na ce ba su da mutunci, na ce a Kano ko motar Wudil ce in ta ga fasinja da gudu tana tsayawa. Ita dai tana ta ɗan rusuna mini. Na nemi wani jirgin, shi ma meyo sai jibi. Daga ƙarshe ita ɗin da na zaga ce ta yi rubutu a takarda, ta raka ni har wajen tasi, ta gaya masa ya kai ni tashar jirgin ƙasa.

A tashar na ga wayata ta mutu, cajar kuma na baro ta a kan teburin shayi. Lambar Alhaji Isuhu tana ciki. Na ce oho, zai gaji da jira ya koma gida, gobe in ba shi haƙuri. Jirgin ƙasa mai gudu ya cika, sai na gargajiya na samu, mai tsayawa a kowane ƙauye.

A gabana wata tsohuwa ce take zaune. Tun da muka tashi take tura mini dafaffen ƙwai da gyaɗa, wannan karon na yi hankali ina barin saura. Muna ta shiga ramin dutse muna fita. Can wajen la'asar sai na ji taragon ya yi tsit, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Tsohuwar ta juyo mini da tata, na ga hayaƙi yana tashi a kan wani dutse mai itatuwa. Ta ɗaga tafin hannunta sama, ta karkato shi ƙasa, hawaye yana bin kumatunta. Na gane jirgin sama ne ya faɗi. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, amma gaskiyar magana na ɗauka a wata ƙasa ce, ba a jima ba na koma tsakin tikitina da ya ƙone. Har yau in na tuna wannan ina jin kunya.

Washegari bayan azahar muka shiga Guangzhou. Yunwa ta sa ban biya masauki ba, na wuce kai tsaye wajen Hajiya Ayishetu. Tun daga matakalar bene na ga takalma birjik. Na shiga na tarar an kawar da tebura an shimfiɗa darduma, mutane sun fi talatin, kowa kansa a ƙasa, wani malami yana addu'a. Na ce Allah sarki, an yi rashi. Na rakuɓe a bakin ƙofa na ɗaga hannu, ina amin da ƙarfi. Da aka shafa na raɗa wa na kusa da ni, wanda ban sani ba, "Malam, wa ya rasu?"

Ya ce, "Wani Bakano ne mai sayen shayi. Jirginsu ne ya faɗi jiya cikin duwatsu. An ce mutumin kirki ne, sai dai faɗa."

Na ce, "Allah ya jiƙansa. Ya sunansa?"

Ya ce, "Tukur."

Daidai nan Hajiya Ayishetu ta fito daga kicin da farantin dabino. Muka haɗa ido. Ta saki farantin, ta ƙwalla ƙara, ta koma ciki ta danno ƙofa. Malamin ya miƙe yana a'uzubillahi. Wasu 'yan kasuwa biyu suka nufi taga, a hawa na uku fa muke. Alhaji Isuhu ne kaɗai ya tako a hankali, ya kama kunnena ya murɗe har sai da na ce, "Kai Alhaji, da zafi!" Sai ya rungume ni ya fashe da kuka kamar yaro.

Ya ce, "Tukur, mi ya hana ka shiga jirgin ga?"

Na ce, "Fitsari."

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi kabbara. Ni kuwa sai a lokacin abin ya shige ni. Ya ce ya tsaya a filin jirgi tare da iyalan mutane har aka zo aka shigar da su wani ɗaki. Ya kira laoban, laoban yana kuka ya ce direbansa da kansa ya kai ni har ƙofa. Ya ce duk wanda ya shiga jirgin nan babu wanda ya fita. Na zauna daɓas a kan dabinon.

Sai ya ce, "Tun jiya na kira gida na shaida ma wanka Habu."

Na ce, "Inna!"

Ƙarfe uku na yamma a can, ƙarfe takwas na safe ke nan a Kano. Na fizge wayarsa na kira Yaya Habu. Yana ɗauka na ce, "Yaya, ni ne Tukur." Ya ce, "Ɓarayin banza, ko mutuwa ba ta hana ku damfara ba," ya kashe. Muka sake kira ta hoto. Ya ƙura mini ido, ya zauna a ƙasa a ƙofar gida. Ya yi kuka, ya yi hamdala, sannan ya dawo Yaya Habun da na sani: "Ɗan banza, me ya hana ka kira? Ka san abin da ka ja mana?"

Na ce, "Inna ta ji?"

Ya ce, "Ba ta ji ba, muna kan hanya dai. Jiya da rana mun ce mata zazzaɓi kake yi. Da yamma aka ba ka gado a asibiti. Yau da asuba ba ka gane mutane. Liman muke jira da hantsi ya zo ya ƙarasa."

Na ce, "To kai mata wayar ta ji muryata."

Ya ce, "Ka haukace? Mutumin da ba ya gane kowa da asuba shi ne zai kira yana gaisuwa? Murna ma tana kayar da mai hawan jini. Yadda muka hau da ita haka za mu sauko. Yau ka buɗe ido. Gobe ka sha kunu. Jibi in Allah ya kai mu sai ka yi magana."

Na ce, "Yaya, jibi? Unguwa ba ta ji ba?"

Ya juya wayar ya nuna mini. Tabarmi har bakin titi. Ya ce mata masu zuwa gaisuwa a zaure ake tare su, a karkata da su gidan maƙwabta. Matata Hauwa ta shiga takaba tun jiya, in za ta shiga gaida Inna sai ta wanke fuska ta canza mayafi.

Muna cikin haka na jiyo wata murya daga nesa, muryar da ko a kabari zan gane ta. Gwaggo Lami ce, ƙanwar mahaifinmu, wadda take fara kukan mutuwa tun daga kan kwana, kuma ba a taɓa haihuwar wanda zai tare ta a zaure ba. "Wayyo Tukur! Wayyo ɗan ƙanina, wayyo ɗan wana!" Ita kanta ta rikice.

Na ce, "Yaya, in ta riga ka shiga ɗakin nan ta kashe mana Inna."

Ban taɓa ganin Yaya Habu yana gudu ba sai ranar. Ina ganin rufin zaure, ina ganin igiyar shanya, yana haki yana ce mini, "Ka yi muryar marar lafiya! Ka ji ko? A hankali!" Ya faɗa ɗakin, ya murza mukulli, ya daidaita numfashi ya ce, "Inna, albishirinki, jikin Tukur da ɗan sauƙi, har ya ce a ba shi ke."

Na ga fuskarta. Tana zaune a kan darduma da carbi. Na lanƙwasa wuya, na shaƙe murya, mutum talatin suna tsaye a kaina, na ce, "Innaaa... sannu..."

Ta kawo wayar dab da idonta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Daina wannan muryar, yi mini magana sosai."

Na ce, "Inna, ni ne. Lafiyata ƙalau."

Ta ce, "Ɗaga hannunka in gani." Na ɗaga. "Ɗayan." Na ɗaga. Sai ta ajiye carbin, ta rufe fuskarta da mayafi. Yaya Habu ya rikice yana cewa a kawo maganinta. Ta ce masa, "Zauna, Habu, ba abin da zai same ni. Tun jiya na ji a rediyo jirgi ya faɗi a Chaina. Kana shigowa ka ce zazzaɓi, idonka a kan tabarma, na san abin da ke nan."

Yaya Habu ya ce, "Inna, kin sani kika yi shiru?"

Ta ce, "To in ce me? Na ga kai ma da ƙyar kake tsaye. Na ce bari in bar ka ka kawo shi a hankali, kada in rasa biyu."

Wallahi a nan na kasa riƙe kaina. Tsohuwar da muke lallaɓawa ta yini ta kwana da mutuwata ita kaɗai, tana amsa wa Yaya Habu "Allah ya ba shi lafiya." Na yi kuka a gaban mutanen da ban sani ba, ban kuma ji kunya ba. A waje Gwaggo Lami tana dukan ƙofa tana kiran sunana.

Inna ta share ido ta ce, "Tukur, sauran da suka shiga fa?"

Na ce, "Babu wanda ya fita, Inna."

Ta ce, "To su uwayensu babu wanda zai kira su ke nan." Ta juya wajen Yaya Habu ta ce, "Kada a naɗe tabarmin nan. In Liman ya zo a ce masa ɗana yana nan, amma ya zauna ya roƙa wa matan nan haƙuri. Na san daren da suka kwana."